Sawu a Farin Yashin Dorota

Ranar Juma'ar da aka sa za a buɗe baje kolin Dorota, ranar aka wayi gari babu jan ƙahon gilashi a akwatinsa.

Ni da Pani Blazena mai shara muka fara gani. Ita ke riƙe da makulli. Ni ba a ba ni, wai mutumin da ya taɓa ɓatar da haƙoransa na roba a cikin coci ba a damƙa masa ƙofa. Aikina shi ne in zauna kusa da babban kwando in miƙa wa baƙi silifan ulu su zura a kan takalmansu, don kada su ɓata daɓe. Sunana Alois, amma duk garinmu Lesna Hut Lojza suke ce mini. Lokacin da ginin nan yake masana'antar gilashi, ni ke naɗe kofuna da tattaka a rumfar ɗaure kaya. Da aka kashe wuta aka mayar da shi gidan tarihi, sai aka ajiye ni a bakin ƙofa tare da sauran tsofaffin kaya.

Tsohon tanderu na tsakiyar babban zaure, zagayayye kamar rumbu, da bakuna kewaye da shi. Ya huce tun ina da baƙin gashi. Dorota ta sa an zuba farin yashi a daɓen zauren gaba ɗaya, irin wanda ake narkawa, ta bi shi da manjagara har ya kwanta sumul, sannan ta dasa kayan gilashin da ta ƙera a kai. Wasu kamar ɗigon ruwa da ya daskare kafin ya faɗo, wasu kamar huhun saniya. Ni dai sun yi mini kyau. A kan yashin nan ga sawun mutum ɗaya, daga ƙofa zuwa akwatin ƙaho, daga akwati zuwa ƙofa. Ba a fasa komai ba. Da makulli aka buɗe, aka ɗauke ƙahon har da shuɗin matashin da yake kwance a kai, aka mayar aka rufe.

"Yesu da Maryamu!" in ji Blazena. Tsintsiya ta faɗi daga hannunta.

Akwai abubuwan da na fi so a gidan, kamar idon doki na gilashi, da wani ƙuda da ya faɗa cikin narkakken gilashi zamanin kakanninmu, har yau yana nan da fikafikansa a buɗe. Amma mutanen gari ƙahon suka sani. Tsawonsa ya kai hannun mutum, ja wur saboda an narka zinariya a cikinsa, kuma in an busa yana kuka kamar saniya mai mura. Mahaifin tsohon gwaninmu na busa gilashi, Mistr Vilem, shi ya ƙera shi da iskar huhunsa.

Mutum huɗu ke da makulli: Pan Darakta shugaban gidan, Blazena, Mistr Vilem da Dorota. A wajenmu Pan ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Pani.

Kafin hantsi rabin gari ya taru a ƙofa, sun tattake dusar ƙanƙarar da ke waje har ta koma taɓo.

"Wa ya kawo mana yashi cikin zaure?" in ji Olina mai burodi. "Tun da nake ban taɓa jin an ɗauki ko cokali a gidan nan ba, sai da aka ba baƙuwa makulli."

"Ai ta san masu saye a waje," wani ya amsa daga baya.

Dorota 'yar Sulobakiya ce. Ta zo garinmu tana budurwa, ta koyi busa gilashi a hannun Mistr Vilem, a ƙaramin tanderu mai baki ɗaya da ke bayan gida inda yake nuna wa baƙi sana'ar. A teburinsa ta ci abinci shekara da shekaru, Baba take ce masa. Daga baya ta tafi ƙasashe ta yi suna, sannan ta bar komai ta dawo, don an yi mata alkawarin wannan ƙaramin tanderu zai zama nata. Tana tsaye a bakin zaure da sabuwar rigar da ta ɗinka don bikin, babu wanda ya gaishe ta.

Pan Darakta mutum ne mai sanyin hali, amma magajin gari ya riga ya kira shi a waya. Ya karɓi makullinta ba tare da ya kalli fuskarta ba.

"Zuwa Litinin," ya ce. "In ba a ga ƙahon ba, dole in kira 'yan sanda daga birni. In kuwa sunanki ya shiga bakinsu, Dorota, kin san babu gidan da zai sake ba ki wuta a ƙasar nan."

Mistr Vilem na zaune a kujerata yana kuka kamar yaro, gemunsa duk ya jiƙe. Can sai ya miƙe ya share fuska.

"Ba na son 'yan sanda su taɓa 'yata," ya ce. "Zan je in kira Hynek."

*

Hynek tsohon mai gadin daji ne, dogo, sanyi ya cinye masa rabin kunne ɗaya, kullum yana warin ƙaron itace da na kare. Shi ya nemo matar maƙeri lokacin da hankalinta ya gushe ta shiga daji da rigar barci. A garinmu in Hynek ya ce barewa ta bi nan, ko barewar ba ta musu. Da shi da Vilem benci ɗaya suka zauna a makaranta, kuma duk Lahadi suna buga karta suna zagin juna.

Ya zura silifa, ya bi gefen bango, ya tsuguna. Ya daɗe har ƙafata ta yi sanyi.

"Me ka gani?" na tambaye shi.

"Silifanka na gani, Lojza. Da wannan abin, da limamin coci da ɓarawo da akuya duk ƙafarsu ɗaya." Ya sosa guntun kunnensa. "Amma ba ya sauri, ba ya lalube. Ya san ɗakin a duhu. Sai dai ga abin da ban gane ba. Daga ƙofa zuwa akwati, in ka miƙe, ɗan taki ne. Shi kuwa da ya shigo sai ya bi ta bayan tanderu, ya zago doguwar hanya. Da zai fita ne ya bi gajeriya."

"Yana ɓuya wa fitilar titi," in ji Pan Darakta.

"To da zai fita da ƙaho a hannu, fitilar ta mutu ne?"

Vilem ya yi ajiyar zuciya. "Duk kayan nan da aka dasa a yashi," ya ce a hankali, "sai wanda ya san inda suke zai wuce su a duhu." Sai ya rufe bakinsa da hannu, kamar maganar ta kuɓuce masa ne.

Hynek ya miƙe. Ya ce kawai kada kowa ya taɓa yashin sai ya ba da izini.

*

Mun sami Blazena a ɗan ɗakin shan kofi tana huci.

"Tambaye ni, Hynek, tambaye ni! Shekara nawa ina goge akwatin nan da numfashina? In ƙaho nake so, ai mijina ya ishe ni da minshari."

"Ina makullinki yake kwana?"

"A wuyana. Ka zo ka ɗauka in kana da ƙarfin hali." Ta tura masa kofi. "Ka je ka tambayi Bajamushen nan mai rawayar mota da ya sauka a masaukin kan tudu. Jiya ya tsaya gaban akwati har yawunsa na zuba. Kuma na ga yana magana da Dorota, suna dariya da wani yare."

Muka hau tudu, ni ina haki, shi kamar a fili yake tafiya. Dusar ƙanƙara ta sauka ranar Alhamis da yamma ta tsaya, kuma can babu wanda ya tattake ta. Hynek ya zaga masaukin, ya zaga motar. Sawun kyanwa ya gani, da na mai masauki zuwa akurkin kaji da dawowa. Bajamushen kuwa muka tarar da shi a kan gado, kumatu ɗaya ya kumbura kamar an cusa masa dankali.

"Haƙori ne," in ji matar mai masauki. "Har gari ya waye yana kiran uwarsa ta cikin bango. Da ma ya fita satar, da na samu barci."

Da muke saukowa na ga wani icce da ƙanƙara ta lulluɓe, rana ta bugo shi ya yi kamar fitilar gilashi ta gidan sarauta. Na tsaya kallo. Hynek bai jira ni ba.

*

Ranar Asabar da safe Vilem ya zo ya same mu a bakin ƙofa, idanunsa jajur.

"Hynek, ka duba wajen gidan da take haya. Na san ba za ka ga komai ba. Amma in kai ka ce ka duba babu, bakin mutane zai mutu."

Muka tafi mu uku, wasu 'yan gari na biye da mu daga nesa. A bayan gidan akwai rumfar itace. Hynek ya tsaya ya kalli ƙasa, sannan ya shiga ya ɗaga 'yan faskare. Ga shuɗin matashi nan a cuse.

Vilem ya dafa bango. "Wayyo Dorka," ya ce. "Wayyo 'yata." Kafin mu juyo, labari ya kai kasuwa.

Da Vilem ya tafi, Hynek ya nuna mini ƙasa da tsinin sandarsa. An bi dusar da ke gaban rumfar da reshen itace, an share ta har bakin hanya.

"Lojza, in ka je rumfarka ɗebo itace, kana share sawunka?"

"Don me? Rumfata ce."

"To." Ya tofar da yawu. "Ka riƙe wannan a bakinka, tare da haƙoranka."

Dorota ta buɗe mana ƙofa da sigari a hannu. Hannuwanta duk tabon ƙuna, irin na kowane mai busa. A kan gado ga akwatin tafiya a buɗe.

"Za ki ina?" Hynek ya tambaya.

"Ban sani ba, Pan Hynek. Yau na je sayen burodi, Olina ta ce ya ƙare, alhali yana bayanta a jere. An zuba mini toka a bakin ƙofa. Yaran da nake koya wa yin duwatsun wuya, iyayensu sun hana su zuwa." Ta ja sigarin. "Ban san yadda matashin nan ya zo rumfata ba. Na rantse da kabarin uwata."

"Daren Alhamis ina kike?"

"Na gama share yashi, na kulle, na zo na kwanta. Ni kaɗai. Babu mai shaida sai wannan murhu."

"Wa ya ce ki haɗa kaya?"

"Baba Vilem. Ya ce in shiga motar Lahadi da yamma kafin 'yan sanda su zo, shi zai lallashi darakta a bar maganar. Jiya har miya ya kawo mini." Ta kashe sigarin. "Shi kaɗai ya rage mini a garin nan."

"In kin tafi, kin amsa ke nan," in ji Hynek. "Ki rufe akwatin ki tura ƙarƙashin gado."

A hanya muka sake haɗuwa da Vilem gaban coci. Ya kama hannun Hynek da hannu biyu.

"Abokina, ka faɗi abin da ka gani kawai. Maganarka ake ji. In ka ce ita ce, za a bar ta ta tafi salin alin, babu kotu, babu kunya. Taimako ne za ka yi mata."

"Ban gama ba," in ji Hynek.

"Me ya rage? Kai dai tsohon kare, ba ka iya sakin ƙashi."

"Kai kuma tsohuwar kwalba, ba ka iya rufe baki."

Suka yi dariya kamar kullum.

*

Ranar Lahadi bayan coci muka shiga mashayar Zuzana cin abincin rana. Ta kawo mana miyar tsami da naman kaza. Hynek ya zuba wa miyar ido bai taɓa ba, yana zana da'ira a kan tebur da yatsa.

A tsakiyar mashayar akwai babban murhu zagayayye. Rudla da Ferda, tsofaffin masu busa, suna kusurwarsu da giya. Can Ferda ya tashi zai je bayi. Ƙofar bayin tana nan kusa da gwiwar hannunsa, amma sai ya juya, ya bi ta bayan murhu, ya zago har ya iso ta ɗaya gefen.

"Ferda!" in ji Hynek. "Alwashi ka yi sai ka gaishe da murhu kafin ka yi fitsari?"

Ferda ya tsaya da hannu a mariƙin ƙofa. "Me na yi?"

"Rabu da su," in ji Zuzana. "Haka duk suke, tsofaffin 'yan zaure. Dubi daɓena, gefe ɗaya suka cinye mini. Ko gobara ce ta tashi, sai sun zaga."

Rudla ya ajiye kofinsa. "Tanderu a hannun hagu," ya ce. "Ranar da ka fara shiga zaure, abin da ake koya maka ke nan, da mari. Mutum goma sha suna yawo da sandunan busa, kowane da wuta a bakin sandarsa kamar ruwan zuma. In kowa ya bi inda ya ga dama, wani zai sha narkakken gilashi a fuska. Don haka hanya ɗaya ake bi, ko abin da kake nema yana bayanka da taki ɗaya, sai ka zago." Ya ja wuyan rigarsa ya nuna wani tabo mai sheƙi. "Sau ɗaya na yi gardama."

"Ni ban ma san ina yi ba," in ji Ferda.

Ni na taɓa jin wannan doka, amma mu 'yan tattaka ba a barinmu mu shiga zaure in wuta na ci, don haka ba ta taɓa sauka ƙafata ba.

"Mata suna aiki a zaure?" Hynek ya tambaya.

"A zamaninmu? Ko kyanwa mace ba ta shiga. Blazena ma a rumfar zane ta yi aikinta."

"Wanda ya koya a ƙaramin tanderun baya fa?"

"Me zai zaga? Baki ɗaya gare shi, kuma a jikin bango yake."

Hynek ya daina zana da'ira. Fuskarsa ta yi fari kamar yashin Dorota. Ya daɗe bai motsa ba, har kitse ya daskare a kan miyar. Sannan ya sayi ƙaramar kwalbar barasar slivovice ya sa a aljihun kwat.

"Je ka ce wa Dorota ta share yashin nan sumul," ya ce mini. "Ka kira masu makulli duka."

*

Da la'asar muka taru a zaure, kowa da silifansa, Hynek ya bi da mu ta gefen bango har muka tsaya kusa da akwatin da babu komai a ciki. Tun shigowarsa ya rataye kwat ɗinsa a ƙusar bakin ƙofa. Ya fara magana a kan Bajamushe da haƙorinsa, yana jan zance kamar wanda ya manta abin da ya tara mu.

"Pan Darakta, don Allah ɗauko wa Pani Blazena kujerar Lojza, ƙafarta na ciwo."

Darakta ya je ƙofa ya ɗauko kujera, ya dawo ta inda ya bi.

"Wa ya ce ƙafata na ciwo?" in ji Blazena.

"To tunda lafiyarki ƙalau, kawo mana ƙananan kofuna daga ɗakin kofi. Abin da zan faɗa ba a jinsa da busasshen maƙogwaro."

Ta tafi tana gunaguni, ta dawo ta inda ta bi. Ya ce Dorota ta ja ƙofa don iska na shigowa. Ita ma ta je ta dawo a kan sawunta.

"Vilem, kwalbar na aljihun kwat ɗina."

Vilem ya tafi yana magana. Yana ba mu labarin ranar da ubansa ya busa ƙahon, yadda ya jefa zoben aurensa cikin tukunya don jan ya fito, yadda uwarsa ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Ya kai ƙofa, ya zaro kwalba. Sai ya juya, tanderu a hannunsa na hagu, ya ɓace a bayansa. Muryarsa kawai muke ji tana zagowa.

Blazena ta dafe ƙirji. Duk mun ga wannan hanya ranar Juma'a da safe.

Da ya ɓullo ta ɗaya gefen ya ga fuskokinmu, sai labarin ya tsaya masa a baki. Ya waiwaya ya kalli yashi. Ga sawun mutum uku sun je sun dawo a gajeriyar hanya, ga nasa shi kaɗai ya kewaye tanderu ya rufe da'ira.

"Kowane tsohon mai busa haka zai yi," ya ce.

"Haka ne," in ji Hynek. "Amma tsohon mai busa ɗaya ne ke da makulli."

Vilem ya ajiye kwalbar a kan yashi a hankali, yadda ake ajiye gilashi mai zafi.

"Baba?" in ji Dorota.

Bai kalle ta ba. Sai ya juya ga Darakta. "Ka ce za a kwashe tsofaffin kaya a kai ɗakin sama, kusa da bayi. Ƙahon ubana, a kusa da bayi! Don a ba waɗannan wuri." Ya nuna kayanta da haɓa. "Na koya mata ta busa kofi ya tsaya cak, bakinsa ya yi daidai ko ta ina ka sha. Ta tafi ta koyo karkatattun abubuwan da a zamanina ake jefawa kwandon fasassu, kuma su ake ɗauka hoto. Tanderuna ma za a ba ta. Ina raye!"

"Ina ƙahon?" Hynek ya tambaya.

"Ƙarƙashin gadona, cikin mayafin marigayiya. Ko ƙwarzane babu."

Pan Darakta ya cire tabarau yana gogewa. "Mistr, ƙahon ba ya cikin abin da za a kai sama. Na so in kai shi, ita ta hana. Ta ce in aka motsa shi daga zauren nan, ta fasa baje kolin. Tanderun kuma ta ce ba za ta kunna ba sai da kai a gefenta. Ranar biki ta so ta faɗa maka a gaban mutane."

Vilem ya juyo ya kalli Dorota.

"Ka kawo mini miya," in ji Dorota. Muryarta ba ta tashi ba. "Ka zauna a bakin gadona, ka shafa kaina, matashin yana rumfata a bayanka. Ko a lokacin ka sa shi? Da hannun da ka riƙo kwanon?"

"Dorka, ba na so a kama ki. So na yi kawai ki tafi."

"Ni fa?" in ji Hynek. "Don me ka kira ni?"

"Maganarka ake ji."

"Wannan ka riga ka faɗa. Faɗi sauran."

Vilem ya sunkuyar da kai. "Bara ka kasa ganin karta a hannunka. Na ce idonka ya tafi. Na ce za ka ga matashi, ka tsaya a nan."

Hynek ya gyaɗa kai sau da yawa. Ya je ya ɗauki kwat ɗinsa, ya cire silifa ya jefa a kwando, ya fita. Kwalbar ya bar ta a yashi.

"Maganar 'yan sanda tana hannunki," Darakta ya ce wa Dorota. "Abin da kika ce shi za a yi."

Ta kalli Vilem.

"Ba na son 'yan sanda," ta ce. "'Yan sanda za su rubuta a birni, Olina ba za ta karanta ba. Gobe da safe zai zo ya ɗauke ni, mu bi gari gida gida. Shi zai ƙwanƙwasa, shi zai faɗa da bakinsa."

*

Haka kuwa aka yi. Da safe Vilem ya kawo ƙahon, Darakta ya mayar da shi akwati ya karɓi makullinsa. Ni na bar kwandona na bi su daga nesa, don ban taɓa ganin irin wannan ba.

Vilem ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. A kowace ƙofa sai ya cire hula, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ni na ɗauke ƙahon. Ni na sa matashi a rumfarta." Dorota na tsaye a bayansa, hannuwa cikin aljihu, ba ta ƙara ko kalma. Olina ta fito da burodi mai zafi tana kuka tana tura mata. Dorota ta ce ta gode, ta ƙoshi. Wasu suka ce, "Haba Mistr, ai tsufa ne," suna neman inda za su sa idonsu. Rudla ya saurara har ƙarshe, ya tofa yawu kusa da takalmin Vilem, ya rufe ƙofa.

Da rana ta yi tsaka muryarsa ta dushe. Suka gama layin kasuwa, suka gama layin coci, suka hau hanyar da ta nufi daji. Gida na ƙarshe na Hynek ne, shi kaɗai a bakin itatuwa. Hayaƙi na fita ta bututu, kare na haushi a ciki.

"Shi ya sani," in ji Vilem. "Ba sai an faɗa masa ba."

"Ƙwanƙwasa," in ji Dorota.

Ya ƙwanƙwasa. Muka ji an ja kujera a ciki, an tsawata wa kare ya yi shiru. Ya sake ƙwanƙwasawa.

"Hynek! Kai tsohon kare, ni ne. Buɗe mana, sanyi ake."

Dorota ta juya ta gangara gari. Ta ce mini in zo in taya ta ɗaukar itace, yau za ta kunna tanderunta. Da muka kai kwana na waiwaya. Vilem na nan tsaye da hula a hannu, dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan sanƙonsa, ƙofar kuwa a rufe.